Motar da Ta Ɗauki Keken Baba

Takalmanta ya fara gani. Yana kwance ƙarƙashin wata mota yana ɗaure noti, sai ga ƙafafu sun tsaya kusa da kansa, sun matsa, sun sake dawowa. Da ya turo kansa waje ya tarar da wata budurwa ta buɗe but ɗin motar da ke gefe, ta sunkuya ciki da tef irin na teloli, tana awo tana rubuta lamba a tafin hannunta.

Shekara shida yana kanikanci a filin sayar da motocin nan, inda kowa ke ce masa Injiniya, bai taɓa ganin wanda ya zo sayen mota da tef ba.

"Ranki ya daɗe, riga za a ɗinka mata ne?"

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "In dai za ta ɗauki keken Babana, har hula sai in haɗa mata."

Ita ce autar gidansu, sunan Auta kuma ya bi ta har shagon ɗinkinta. Mahaifinta tsohon direban bas ne, shekara biyu kenan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Sau uku a sati take kai shi asibiti gashin ƙashi, masu tasi kuwa da sun hango keken marasa lafiya sai su ƙara wuta. Wata rana suka fi awa guda a bakin titi cikin rana, har tsohon ya ce, "Uwata, mayar da ni gida, na haƙura." Ranar ta yi wa kanta alkawari, ko idonta zai tsiyaye a kan keken ɗinki sai ta sayi mota.

Tana cikin yi wa Injiniya wannan bayani sai ga ɗan mai filin, wanda ma'aikata ke kira Ɗan Oga, yana kaɗa makullai, turarensa ya riga shi isowa. Ya ja ta wajen wata baƙar jif mai sheƙi.

"Irinki ai sai irin wannan. Kina shiga layi kowa ya san an zo."

"Layinmu ba ya ɗaukar wanda aka san ya zo," in ji ta.

Waya ta kira Ɗan Oga ofis. Injiniya ya goge hannu da tsumma, ya rage murya.

"Faɗin ƙofar gidanku nawa?"

Ta nuna masa tafin hannunta. Ta riga ta auna.

"Baba yana iya tsayuwa?"

"Kaɗan, in an riƙe shi."

"To jif ba taki ba ce. Ta yi masa tsayi, tana shan mai a cunkoso kamar an huda ta, kayan gyaranta kuma sai an aika nesa. Zo ki ga wata."

Can ƙarshen fili, jikin katanga, ya nuna mata wata wagon ruwan toka, doguwa mai faɗin baya, fentinta ya ɗan koɗe. Ya ɗaga ƙofar baya. Bakin but ɗin ƙasa-ƙasa yake, daidai gwiwarta. Ya kwantar da kujera ɗaya, wuri ya buɗe kamar ɗaki.

"Ba ta da kyau, na sani," ya ce. "Amma giyarta otomatik ce, ƙafarki ba za ta mutu a go-silo ba. Ni na buɗe injinta da hannuna. Sai dai kar ki saya don na faɗa. Kawo Baba ya hau tukuna."

Sai a lokacin ta dube shi sosai. Dogo ne, siriri, da baƙin mai a goshi bai sani ba.

Ranar Asabar ta kawo Baba. Injiniya ya durƙusa ya gaishe shi, ya kara keken jikin kujerar gaba, tsayinsu ɗaya. Da ɗan tallafi tsohon ya zame ya zauna, ba wanda ya ɗaga shi. Ya dubi Injiniya ya ce, "Ta da ta in ji."

Injiniya ya murɗa makulli. Baba ya rufe ido, ya karkata kai kamar mai sauraron karatu.

"Taka kaɗan. Sake ta." Ya buɗe ido. "Uwata, wannan ba ta ƙarya. Shekara talatin ina jin kukan inji."

Ta saye ta a satin.

Tuƙi ta iya, ribas ne ya gagare ta. Motar doguwa, layinsu matsattse, ga kwata a hagu ga teburin mai kayan miya a dama. Sau biyu ta goge madubi da ginshiƙin ƙofa. Injiniya ya ce zai riƙa zuwa da yamma in ya tashi aiki. Ya jera bokitai biyu a matsayin ƙofa, ta take ɗaya har sau huɗu, Baba yana daga baranda yana ihu, "Karya kan! Karya duka!" Rabon da a ji dariyarsa haka tun kafin ciwo.

Rana ta tara ta shige ƙofar sumul. Kafin ya isa gida saƙonta ya riga shi:

"Malam, ɗalibarka ta ci jarrabawa. Yanzu da wace hujja za ka riƙa zuwa?"

Ya tsaya bakin hanya ya karanta sau uku kafin ya rubuta:

"Mai Awo, hujja ta ƙare tun rana ta uku. Sauran kwanakin don in gan ki ne. In na yi laifi a tausasa hukunci."

Ta amsa: "An yanke maka zuwa gobe. Ka wanke goshinka."

Haka abin ya ɗore wata uku. Yana duba mata mai da ruwa, tana ɗinke masa aljihun rigar aiki da sifana ke yagawa. Mama, mahaifiyarta, tana kallo ta taga, har ranar da Ɗan Oga ya faka baƙar jif ɗin a ƙofar gida, ya toshe layin gaba ɗaya. Ya zo da ledoji niƙi-niƙi, ya gaida Mama har ƙasa, ya ce aure yake nema, jif ɗin kuma ta Auta ce ranar da ta ce to.

Bayan ya tafi Mama ta same ta a ɗaki tana guga.

"Auta, kin sha wahala a gidan nan. Ba na so ki fita daga wata ki faɗa wata. Bakanike yau samu gobe rashi."

"Mama, ni ma yau ɗinki gobe babu, ga shi muna ci."

"Ba wasa nake miki ba. Yayyenki duk sun tafi, ke kika ɗauke mu. Ki bar wani ya ɗauke ki mana."

Auta ta ajiye dutsen guga. Ta san ba kwaɗayi ne ke magana ba, tsoro ne. "Zan yi tunani," ta ce, don kar ta ɓata mata.

A satin nan Injiniya ya ɓace. Bai zo ba, bai kira ba. Ta tura masa saƙo: "Lafiya kuwa? Baba yana tambayarka." Shiru. Washegari ta sake: "In wani abu na yi, ka faɗa mini." Shiru.

Rana ta biyar ta je filin motocin. Ɗan Oga ya tare ta da fuskar tausayi.

"Ai mun sallame shi. Cutar masu saye yake, ya tura musu ruɓaɓɓun motoci don ya samu aikin gyara a bayan fage. Ke ma taki, Allah dai ya kiyaye. Ban so in faɗa miki ba."

Ta dawo gida. Ta faka, ta kasa fitowa. Baba ya turo kekensa da hannu ɗaya har jikin tagar motar, ta faɗa masa duka.

"Wata nawa kina jan ta?" ya tambaya.

"Uku."

"Ta taɓa tsaya miki a hanya?"

"A'a."

"Ya taɓa karɓar ko sisinki na gyara?"

Ta girgiza kai.

"To wannan wane irin macuci ne, ya tura miki ruɓaɓɓiya ta ƙi lalacewa? Uwata, ba a yanke wa mutum hukunci da bakin abokin takararsa. Je ki ji daga nasa."

Ba ta san gidansu ba, unguwar kawai ya taɓa ambata. Kwana biyu tana rufe shago da la'asar tana bin garejojin unguwar ɗaya bayan ɗaya. Wasu su ce ba su san shi ba, wasu su yi mata dariya. A gareji na bakwai wani mai faci ya nuna mata bayan gidan mai. Can ta same shi ƙarƙashin bishiya, da akwatin kayan aikinsa da tabarmar kwali, yana kwance wa wani babur inji. Ya rame.

Ya miƙe da sauri, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"An ce kai macuci ne," ta ce.

"Na ji."

"Gaskiya ne?"

"Na hana ki sayen jif, wannan ne laifina na fari. Na biyu kuma Ɗan Oga ya ji ina zuwa gidanku." Ya sunkuyar da kai. "Na ga saƙonninki. Me zan ce miki? Ranar da ya kawo jif ina kan kwanar layinku, na gani. Shi da mota, ni ko aiki babu. Na ce bari in samu abin yi tukuna in zo da fuskata."

"Sai ka bar ni da shiru? Kwana bakwai?" Ta nuna shi da yatsa. "Ni da na zo sayen mota da tef, kana ganin sheƙi ne zai ruɗe ni? Kai ka koya mini a duba inji, ba fenti ba."

"Mai Awo…"

"Kar ka Mai Awo ni. Gobe ka zo ka gaida Baba. In ba ka zo ba ni zan kawo shi nan, ka san kuma motar za ta ɗauke shi."

Ya yi dariya, idonsa cike da ƙwalla. "Zan zo, sarauniyata. Wallahi zan zo."

Ya zo da safe, ranar asibiti. Sai dai Ɗan Oga ya riga shi, don Mama ta amince ya kai Baba a jif, a ga yadda take. Aka turo keken bakin ƙofar motar, kujerar tana can sama daidai kafaɗar tsohon. Ɗan Oga ya kira maza biyu daga layi, suka cicciɓe shi, ɗaya ya kama ƙafa ɗaya ya kama hammata. Rigarsa ta tattare, hularsa ta faɗi a kwata, maƙwabta suna leƙe.

"Ku sauke ni," in ji Baba. Bai ɗaga murya ba. "Ni ba buhu ba ne."

Mama ta juya fuska, tana goge ido da gefen mayafi.

Injiniya ya matso. Ya ciro hular ya ajiye gefe, ya cire tasa ya ɗora wa tsohon, ya gyara masa riga. Auta ta fito da wagon, ya kara keken, Baba ya zame ya zauna da kansa. Ɗan Oga ya ja jif ɗinsa, sai da ya yi ribas sau biyar kafin ya fita layin, bai kuma sake dawowa ba.

Da suka dawo daga asibiti Mama ta sa aka shigo da Injiniya falo. Ta daɗe tana kallonsa.

"An ce ba ka da aiki."

"Ina da sana'a, Mama, wurin yi ne babu. Akwai wata rumfa da nake nema kusa da tasha."

"In ka aure ta, wa zai riƙa kai Malam asibiti?"

"Mu biyu. Ita Litinin da Laraba, ni Juma'a. In kin yarda kuma, a layin nan za mu nemi gida."

Mama ta sauke numfashi. "Ka samu rumfar tukuna. Ba don na raina ka ba, don hankalina ya kwanta."

Wata biyar ya ɗauka. Ya fara da babura, sannan masu tasi suka gano shi, sannan matan da Auta ke yi wa ɗinki suka fara kawo motocinsu, don ta cika musu kunne. Ranar da ya kafa allo a rumfar ya tura mata hoto da saƙo: "Gimbiyata, na cika sharaɗi. Saura naki." Ta amsa: "Nawa na cika tun a bayan gidan mai. Turo manyanka."

Aka ɗaura aure wata Asabar da hantsi, falon ya cika har baranda. Rigar ango ita ta ɗinka, ta amarya ma haka. Da aka shafa addu'a Baba ya ce a matso masa da su. Ya dafa kafaɗar surukinsa da hannunsa mai lafiya, ya yunƙura, ya miƙe tsaye a gaban jama'a, ƙafarsa na rawa amma bai zauna ba.

"Yarinyar nan ba ta taɓa barina a hanya ba," ya ce. "Kai ma kar ka bar ta. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku fiye da abin da kuka yi mini."

Falo ya ɗauki amin. Ta Mama ce ta fi ta kowa ƙarfi, tana riƙe da hannun Auta da na angon duka biyu, ta ƙi saki har sai da aka yi mata tsiya cewa amarya fa layin nan kawai za ta tsallaka.