Matinin da Aka Girgiza

Da ƙarfe ɗaya na rana aka kira Sufeto Langat da kofur ɗinsa zuwa wani tsohon kulob a Nairobi. Zoben Mama Nyaguthii ya ɓace, zoben da marigayi mijinta ya sa mata a yatsa.

"Kullum idan zan shiga iyo Baba Opondo mai haɗa abin sha nake bai wa, ya ajiye a aljihun kantar mashaya," ta ce. "Shekara ashirin ko allura ba ta taɓa ɓata ba."

A gabanta akwai kofin giyar matini da ba ta sha ba.

"Bai yi miki ba ne, Mama?"

"Wannan ruwan wanki? Matinin Opondo garau yake kamar hawaye. Dubi wannan, duk ɓarɓashin ƙanƙara."

Baba Opondo na tsaye a bayan kantar mashaya, hannayensa a ɓoye ƙarƙashin tawul.

"Wa ya shigo nan yau, Baba?"

"Ni kaɗai, Yallaɓai."

"Ka san abin da wannan amsar za ta jawo maka?"

"Na sani."

"Yaya ake haɗa matini?"

Idanun tsohon suka ɗan yi haske. "Kofi ya kwana a firji. Giyar jin kashi shida, giyar bamut kashi ɗaya, a kan ƙanƙara. A juya da dogon cokali, a hankali, sau talatin. A tace, a sa zaitun. Ba a girgiza shi, ɗana. Girgizawa na fasa ƙanƙara, ya dagule."

Langat ya leƙa wurin wanke-wanke. Gwangwanin girgiza abin sha na nan, a jiƙe.

"Haɗa mini guda."

Tsohon ya daɗe kafin ya janye tawul. Ya ɗauki cokali, cokalin ya shiga bugun gilashi kamar ƙararrawa, giyar ta malale a kan kantar. Ya sunkuyar da kai. Langat ya kau da ido, shi ma kunya ta rufe shi, kamar ya tuɓe mahaifinsa a kasuwa.

"Wata huɗu ke nan hannun na rawa," Opondo ya ce da ƙyar. "Manaja ke haɗawa, ni in kai. Gara a ce ɓarawo ne da a ce hannun ya mutu."

Manaja Mutiso ya tarbe su a ofis da fara'a.

"Ni da haɗa giya? Haba Sufeto, takardu ne aikina."

"Baba ya yi magana. Gwangwanin kuma yana hannun kofur, za a duba shatin yatsu."

Fara'ar ta gushe. Mutiso ya zauna, ya zare takalmi, ya zaro zoben daga cikin safa.

"Na san ba zai tona ba," ya ce. "Na ɗauka sallamarsa kawai za a yi, a ce tsufa ne. Shi ya koya mini ɗaukar faranti a gidan nan."

Kofur ya sa masa ankwa. Da suka zo wucewa ta gaban kantar, Mutiso ya juya fuska bango.

Mama Nyaguthii ta karɓi zobenta, ta dubi tsohon.

"Opondo, a kan cokali za ka kwana a caji ofis?"

Ya kai hannu bayansa zai kwance rigar aikinsa, yatsun suka kasa kama igiyar. Ita ta zagayo ta kwance masa.