Kaza Ta Taka, Auta Ba Ta Taka Ba

Tun ranar da maɗori ya karya ƙafar kaza a tsakar gidansu Saude ta tsargu. Jikinta ya ba ta ba za a ƙare lafiya ba.

Kwalekwale ne ya matse ƙafar Auta, 'yarsu mai shekara shida, lokacin yankan shinkafa a Auyo. Ƙashi ya karye dab da gwiwa. Maɗori ya ɗaure yarinya, ya ɗaure kaza, ya ce ranar da kaza ta taka, ita ma za ta taka.

Kwana arba'in, kaza tana tono a bola.

Auta kuwa sai jan gindi, ƙafa ta karkace.

"Maigida, mu tafi asibiti..."

"Ki ƙara haƙuri, Saudena," in ji mijinta Haladu. "Ba ki ga kazar ba?"

"Kaza na haifa?!"

Iya, mahaifiyarsa, ta ɗago daga tsintar shinkafa. "Wuƙa a jikin jikata? Sai dai bayan raina!"

Haladu ya sunkuyar da kai. Shekara goma sha biyar yana kiranta hasken idonsa, yau ya kasa kallonta.

Saude ta goya Auta ta fita, ko sallama babu.

Daga asibitin Haɗejiya aka tura su Kano. Likita ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mata wani siririn layi kusa da gwiwa.

"Nan ne idon ƙashi, kamar idon rake, daga nan ƙafar yaro ke tsawo. Da babba ne, da ƙusa za mu kama masa ƙashin. Ita sai mun sake karyawa, mu bi da siririyar waya, mu kauce wa idon. In ya mutu, ɗaya ƙafar za ta girma ta bar wannan."

"Ku yi, likita."

"Sai ubanta ya dangwala yatsa a takardar yarda."

Ta aika wa Haladu saƙo ta bakin direban motar Haɗejiya. Kwana uku tana zaune gindin darbejiyar asibiti, ko kuka ta gaji da yi.

Ranar na huɗu sai ga Haladu, ya rame, da kwano ɗaure a tsumma.

"Saude..."

"Iya ta ba ka izini?"

"Ban tambaya ba. Tun tafiyarki, kullum kazar nan ta gifta sai in ji kunya ta rufe ni. Tsoro nake, wallahi. Na ji an ce wanda aka yi wa allurar barci wani ba ya tashi."

"Ni ba na tsoro ne, da ka bar ni ni kaɗai?"

"Na yi laifi, hasken idona. Ki yafe mini."

Ta dubi kwanon. "Mene ne wannan?"

"Ita ce. Na soya wa Auta."

Dariya ta kuɓuce mata, hawaye na bin kumatunta.

Ya dangwala. Aka yi aiki, Auta ta farka, bayan wata uku ta taka.

Yanzu duk Juma'a sukan kwantar da ita a tabarma su auna ƙafafun da igiyar rama. Haladu ya riƙe daga ƙugu, Saude daga diddige, Iya na leƙe ta ƙofa.

Har yau ƙafafun daidai suke. Amma likita ya ce sai ta gama girma. Ko idon ƙashin yana da rai, babu wanda ya sani tukuna.