Layin da Ya Lanƙwaso Gidanmu

"Ɗan duban naki ne kuma, Nimatu?" in ji Baba, ko ɗago kai bai yi daga gugar rigar Sallarsa ba.

Abin ya yi mini ciwo, amma na haɗiye. Amadou na durƙushe a bakin ƙofa, kwamfutarsa a hammata. Ɗan Maraɗi ne, yana karatun gano hanyar da guguwar teku za ta bi. Shekara biyu yana nemana da aure, shekara guda ke nan Baba ba ya amsa gaisuwarsa.

Kuma gaskiya Baba yana da hujja. Bara da aka ce guguwar Irene na tafe, Amadou ne ya tayar mana da hankali ana saura kwana ɗaya. Muka sunkuci Kaka Iyatu, mahaifiyar Baba, wadda ba ta iya tafiya, muka kai ta wata makarantar da aka tara mutane. Guguwar ko ƙofarmu ba ta jiƙa ba. Kaka kuwa ta kwaso sanyin haƙarƙari, sai da ta yi wata guda a asibiti.

"Alhaji, ku gafarce ni, ku duba wannan kawai," in ji Amadou.

Ya buɗe kwamfutar. Layuka ne birjik a kan taswirar teku kamar an zubar da taliya, kowane layi hanya ce da sabuwar guguwa za ta iya bi. Da yawansu sun yi gabas sun ɓace. Wasu kuwa sun lanƙwaso, sun doso mu.

"Shekaranjiya kaɗan ne suka juyo. Yau sun ƙaru. Idan haka ta tabbata, Litinin ruwan teku zai shigo unguwarku ta Stapleton, ku kuma ɗakinku a ƙarƙashin ƙasa yake."

"Kai ne ka san gobe?"

"Allah kaɗai Ya san gobe, Alhaji. Mu iska muke aunawa, kuma muna kuskure. Bara na yi, har yau ina jin kunya..." Ya rufe kwamfutar. "Amma bara kwana ɗaya muka samu. Bana kwana biyar gare mu, yau Laraba. Ba gudu za a yi da ita ba."

"Fita."

Na bi shi har bakin titi ina hawaye.

"Ka ƙyale mana, masoyi. Idan ba ta zo ba, shi ke nan maganar aurenmu ta mutu."

"Na sani, Nimatuna. Gara ta mutu Kaka na da rai."

Wallahi a ranar na ƙara sonsa, har haushinsa na ji don taurin kai.

Da na koma ciki, Kaka ta kira ni. Ashe duk ta ji.

"Yaron nan ba ya da 'yar'uwa a unguwar Harlem, can nesa da teku?"

"Yana da ita, Kaka. Anti Ramatou, a hawa na huɗu take."

"To ki gaya wa ubanki can nake son cin naman Sallah. Na gaji da girkin uwarki."

Mma ta yi salati daga kicin, ni kuwa dariya ta kufce mini. Baba ya san dabara ce. Amma shi Alhaji Sumani, duk zafinsa, bai taɓa yi wa mahaifiyarsa musu ba.

Kwana biyu muka yi muna shiri a natse. Amadou ya samo mota mai ɗaukar keken marasa lafiya, ya kwance gadonta ya ɗaure shi a can, ya jera magungunanta a kan taga. Ranar Juma'a bayan Idi aka kai ta, lulluɓe da bargo biyu, tana ta tsiya wai direban ba ya sauri. Lahadi hukuma ta ce a tashi daga bakin teku, mu ma muka bi ta.

Litinin guguwar, wadda aka sa wa suna Sandy, ta iso.

Sai Laraba muka samu komawa. Har jirgin ruwa muka gani kwance a gefen titi. Baba ya tura ƙofarmu da ƙyar, warin taɓo ya buge mu. Ruwan ya janye, amma ya bar baƙin zane a jikin bango.

Baba ya taka zuwa kusurwar da gadon Kaka yake a da. Ƙusar da take rataye carbinta na nan daidai kafaɗarsa. Zanen ruwan yana sama da ita da taƙi biyu.

Ya daɗe a tsaye. Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar.

"Alhamdu lillahi..." kawai yake maimaitawa.

Amadou na bayanmu riƙe da shebur, ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifi.

"Amadou."

"Na'am, Alhaji."

"Ka bar ce mini Alhaji, Baba za ka ce. Ka turo manyanka." Ya goge fuska da hannun riga. "Sannan ka duba mana a abin nan naka, wace Asabar ce ba ruwa. Ba na son a ɗaura auren 'yata mutane na jiƙewa."

"Ba na iya ganin nesa haka, Baba. Kwana biyar ko bakwai ne iyakata."

Baba ya sake kallon ƙusar nan.

"Sun isa, ɗana," in ji shi. "Kwana biyar sun isa."