Sai An Ce "Na Riƙe"

Falon gidan cike yake da kujeru masu kyau, domin mai gidan kafinta ne, amma tun da ɗansu ya fara tafiya matarsa Auta ba ta ƙara sanin daɗin zama a kansu ba. Kullum tana tsaye, idonta a kan yaron. Injiniya suke ce masa, saboda duk abin da ya shiga hannunsa sai ya kwance shi ya ga cikinsa, daga rimot har agogon babansa. Shekararsa biyu da 'yan watanni, kuma bai taɓa wuni inda uwarsa ba ta ganinsa ba.

Ran nan da la'asar Kafinta ya dawo daga shago, bayan ya biya ta wurin uwarsa, Inna, wadda aka yi wa aikin ido, garin katako a gashinsa, bakinsa har kunne.

"Madam, an cire wa Inna bandeji, ido ya buɗe. Har faɗa ta yi mini, wai na yi furfura ban sanar da ita ba."

"Alhamdu lillahi. Sai mu je gobe da sassafe mu gaishe ta, kafin mutane su taru."

"Ai maganar ke nan." Ya zauna yana cire takalmi a hankali. "Ran Asabar za a haɗu gaba ɗaya a gidanta, 'ya'ya da surukai da jikoki. Ta ce ta gaji da jin muryar jikokinta kamar a rediyo. So take ta gan su a jere, kowa da fuskarsa."

Auta ta sunkuya ta ɗauki yaron, alhali ba kuka yake ba.

"Ka je kai kaɗai, Baban Injiniya. Ka ce yana mura."

"Murar nan na faɗe ta bara. Na faɗi haƙori, na faɗi zazzaɓi, na faɗi ciwon kunne. Yaron nan garau yake, amma a bakina ya fi kowa jinya a dangi."

Kafinta ya san dalili, ta gaya masa tun suna neman aure. Shekara talatin da wani abu da suka wuce, kafin a haife ta, iyayenta sun je wani taron dangi da ɗansu na fari. Gida ya cika maƙil, mata na girki, maza na hira a inuwa, yara na guje-guje. Yaron yana sanye da jar riga, yana ta wucewa daga cinya zuwa cinya. Mama, uwar Auta, ta ɗauka yana wurin babansa, baban ya ɗauka yana wurin goggo, goggo ta ce ta ga kawu ya saɓa shi a kafaɗa. Sai da aka zo raba abinci aka nemi yaro aka rasa. An duba rijiya, an bi kwata, an zaga tasha da asibitoci, 'yan sanda sun yi tambayoyinsu har suka gaji. Ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. Uban ya rasu yana nema. Ita kuwa Auta ta tashi tana kiran wani hoto a bango "Yaya", hoton yaro mai kumatu riƙe da cokali, wanda ta girme shi tun tana shekara uku.

Tun daga ranar Mama ba ta sake taka taro ba. Da za ta ba da auren Auta, sharaɗi ɗaya ta kafa wa Kafinta: kada ya kai labarin gidansu. Ta gaji da masu tausayi, ta gaji da masu cewa sun ga mai kama da shi a wani gari. Ya yi alkawari, ya kuma riƙe, har ya zama shi ne maƙaryacin danginsa.

"Kin san me suke cewa?" in ji shi. "Wai kin raina mu, kina ƙyamar ɗanki ya zauna da talakawa. Yau Inna ta ce mini, in matata ta fi ƙarfina in mayar wa uwarta abarta. Ban taɓa jin irin wannan a bakinta ba."

"To ka gaya musu ni ce na hana."

"Sun sani ai. Dalilin ne ba su sani ba." Muryarsa ta ɗaga, abin da ba halinsa ba. "Auta, ba ɗana kike reno ba. Yayanki kike gadi."

Maganar ta daki zuciyarta, domin ta san akwai gaskiya a ciki, kuma gaskiyar ce ta fi zafi. Ta goya yaron, ta zuba kayansa a jaka tana hawaye, ta tafi gidan Mama.

Mama ta karɓe su ba tare da dogon bincike ba. Da ta ji batun taro sai ta ɗaure fuska.

"Kin kyauta da kika taho. In kika kai yaron nan cikin taro, ban yafe ba. Ni na san abin da taro ya yi mini."

Kwanakin da Auta ta yi a gidan sun nuna mata abin da ta daɗe tana gani ba ta lura ba. Mama ba ta rufe ƙofar waje da rana, ko da wani zai dawo, amma ƙofar ɗakin da yaron yake a kulle take. In suka fita sayen kayan miya, duk namijin da ya haura talatin sai Mama ta bi shi da kallo, ta duba kunnensa na hagu, domin Yaya yana da tabo a wurin. Wata safiya yaran maƙwabta suna wasan ƙwallo a layi, Injiniya ya manna fuskarsa a gilashin taga yana kallonsu, yana bubbuga shi da tafin hannu. Auta ta tuna ita ma a tagar nan ta yi ƙuruciyarta, tsayinta ne kawai yake ƙaruwa. Tausayin yaron ya kama ta, tausayin kanta ya biyo baya, sai kewar mijinta ta rufe su duka.

Ana jibi taro Kafinta ya yi sallama. Ya rame, kuma rigarsa ba guga. Ya durƙusa a gaban Mama ya gaishe ta, sannan ya juyo wurin matarsa.

"Sori, Madam. Bakina ya yi kaifi ran nan. Gidan ba daɗi, har kujerun sun yi fushi da ni."

Ta kawar da kai don kada ya ga murmushin da ya kusa kuɓuce mata.

"Mama," in ji shi, "izini na zo nema, ku sake ni daga alkawarin nan. Ina so in gaya wa Inna gaskiya."

"Don su taru su ji tausayina?"

"Don su taya mu riƙo. Na yi ta tunanin labarin nan, Mama. Ranar mutane sun yi yawa, kuma kowa yana son yaron, shi ya sa kowa ya ɗauka wani yana tare da shi." Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani awarwaro na katako, ya goge shi sumul, ya shafa masa jan fenti. "A shagonmu in za a miƙa babban madubi daga hannu zuwa hannu, mai miƙawa ba ya saki sai ya ji an ce 'na riƙe'. Ko ya ga hannun mutum a kai, sai ya ji da kunnensa. Duk wanda yaron yake wurinsa zai sa wannan a hannu. Ba zai cire ba, ba zai ɗauke ido ba, sai wani ya karɓa ya faɗa da bakinsa."

Mama ta daɗe tana kallon awarwaron ba ta taɓa shi ba.

"Ɗana ba madubi ba ne," ta ce a hankali.

"Haka ne, Mama. Ya fi madubi."

Auta ta dubi uwarta, ta dubi mijinta. Tana tsoron taron, tana tsoron fushin uwarta, amma ta ga fuskar ɗanta a jikin taga, ta ga mutumin da ya sha zagin danginsa shekara da shekaru bai tona mata asiri ba. Ta matsa ta dafa gwiwar Mama.

"Mama, zan kai shi. Ki yafe mini. Ba na so ya tashi yadda na tashi."

Mama ta miƙe ta nufi ɗaki. A bakin ƙofa ta tsaya ba ta juyo ba.

"Ka gaya musu in ka ga dama. Ni dai ba zan zo ba."

Ran Asabar gidan Inna ya cika, hayaniya har layi. Kafinta ya riga ya ba su labarin, ya kuma yi musu bayanin awarwaron. Auta ta ɗan tsaya a bakin get, ta ƙara rungume yaron. Amma da suka shiga, yayar Kafinta, wadda ta fi kowa yi da ita, ita ce ta fara tarar ta, idonta ja. Ta rungume ta ta ce, "Ki yafe mana, ƙanwata, ba mu sani ba." Sannan ta miƙo hannu. Auta ta zura mata awarwaron, amma ta kasa sakin yaron.

"Na riƙe," in ji yayar, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Auta ta saki.

Kafin azahar abin ya zama wasa. Daga can sai ka ji "na riƙe", daga nan ka ji wani yana cewa ai layinsa ne. Wani kawu mai ƙaton hannu awarwaron ya ƙi shiga, ya rataya shi a babban yatsa yana yawo kamar mai riƙe da kofin shayi. Injiniya kuwa ya shiga cikin 'yan uwansa, ya kwance tayar motar wasan wani, aka yi kuka aka shirya. Auta ta tsinci kanta a kicin tana yanka albasa ana hira da ita, har ta yi dariya. Can sai ta ɗaga kai ta leƙa tsakar gida, ba ta gan shi ba. Wuƙar ta faɗi daga hannunta.

"Wa ke riƙe da shi?"

"Ni ce!" Muryar Inna ce daga cikin falo, tun kafin Auta ta rufe baki. "Yana nan yana kwance mini tabarau. Hancin ubansa ne sak, Allah sarki, an cuci yaro."

Aka kwashe da dariya. Auta ta jingina da bango tana kuka tana dariya a lokaci guda, Kafinta ya zo ya tsaya kusa da ita.

Bayan an ci abinci Kafinta ya fita sauke kujeru daga mota, sai ya dawo da sauri ya ja matarsa zuwa bakin get. A tsallaken titi, kan dakalin wani shago da ke rufe, Mama ce zaune cikin rana. Mai shagon kusa ya ce tun safe take wurin, ya ba ta kujera a inuwa ta ƙi, wai daga nan ta fi ganin ƙofa. Duk yaron da ya leƙo waje sai ta miƙe, sai ta ga an mayar da shi ciki ta koma ta zauna.

Auta za ta tsallaka, Inna da ta biyo su ta riƙe mata mayafi.

"Bari. Wannan tsakanina da ita ne."

Ta saɓa jikanta ta tsallaka titi a hankali. Ta tsaya a gaban Mama, suka dubi juna, tsofaffi biyu da ba su taɓa doguwar hira ba.

"'Yar uwa, na yi miki mummunan zato, ki gafarce ni. Ga shi hannuna ya gaji, kuma kowa ya yi nasa layin sai ke."

Ta zura mata awarwaron, ta ɗora yaron a cinyarta, amma ba ta janye hannuwanta ba. Injiniya ya kama awarwaron yana juyawa, yana neman inda ake kwance shi.

"Ba zan saki ba sai kin faɗa," in ji Inna.

Hawaye suka gangaro wa Mama har haɓa. Ta zagaye yaron da hannuwanta biyu.

"Na riƙe," ta ce.

Inna ta saki, sannan ta kama gwiwar hannunta ta tashe ta. Tare suka tsallako, Mama ta shiga ta get ɗin da ta wuni tana gadi.

Har yau ba a san inda Yaya ya shiga ba, kuma Mama ba ta daina duba kunnen mutane a kasuwa ba. Amma Auta ta koma ɗakinta, tana zama a kujerun mijinta, Injiniya kuma yana da 'yan uwan da zai ɓata wa kayan wasa. Haƙurin da Kafinta ya yi da tsoron matarsa bai tafi a banza ba, haka ƙarfin halin da ta yi na faɗa wa uwarta gaskiya cikin ladabi. Baƙin cikin da aka kulle a ɗaki yakan cinye har waɗanda ba a haifa ba lokacin da ya faru, in kuwa aka buɗe wa dangi sai su taya ɗauka. Kuma duk amanar da ke hannun mutum, yaro ne ko aure ko tsohuwar uwa, kada ya saki don yana zaton wani ya kama, ya jira sai ya ji an ce an riƙe.