Gidan Miliyan Sha Biyu a Bakin Kogi

"A zamanin nan mai ilimi ba ya buƙatar taka ƙasa kafin ya san darajar gida. Komai yana intanet."

Dokta Abdulmannan ne ya faɗa wa Sufeto Sunusi haka a ofishin 'yan sanda na Haɗeja, wandonsa jiƙe har gwiwa.

Ƙara ya kawo. Daga Abuja ya sayi gida kusa da kogi kan naira miliyan sha biyu, a waya kawai ya gan shi. Kuɗin gadon ƙanwarsa Adila ne, ta damƙa masa saboda shi ne mai digiri uku a gidansu. Ta tare da 'ya'yanta a watan Mayu. Yanzu Satumba, ruwa yana falo.

"Bincike na yi, Sufeto. Na kwatanta da gidaje huɗu na maƙwabta, kowanne miliyan sha takwas ake nema. Ka ga araha na samu."

"Ka tambayi wani a unguwar?"

"Me za su gaya mini wanda alƙaluma ba su faɗa ba?"

Sufeto ya rubuta "a'a".

A kwalekwale suka isa gidan. Adila tana tsaye a kan benci da ƙullin kaya a ka. Sufeto ya ciro mukulli ya kankare sabon fentin bango. Layuka uku masu ruwan ƙasa suka fito, ɗaya bisa ɗaya, na saman daidai ƙirjinsa.

"Ambaliya uku ke nan," ya ce. "An shafe su da fenti."

"Wannan ba ya cikin bayanan," in ji Dokta.

Maƙwabciya, Iya Yakaka, tana zaune kan buhunan yashi tana gyaran kifi. Sufeto ya nuna mata hoton ɗaya daga cikin gidaje huɗun a waya.

"Iya, gidanki ne wannan?"

"Nawa ne mana. Ga akuyata nan a ciki."

"An ce miliyan sha takwas kike nema."

Ta yi dariya har wuƙar ta faɗa ruwa. "Ɗan nan, kawo uku in bar maka har akuyar."

"Wa ya ɗauki hoton?"

"Haris dillali. Cewa ya yi sunayen masu tallafi ake ɗauka."

Sufeto ya ƙara girman hoton. A ƙasansa an rubuta cewa tsakiyar damina aka ɗauka, shaidar ruwa ba ya kwanciya a wurin. Amma ga tattasai nan ja wur an shanya a ƙofar gida. Ko ɗan firamare a Haɗeja ya san da rani ake shanyar tattasai. Dokta kuwa a miya kawai ya san shi.

Sun tarar da Haris a rumfarsa yana shan shayi.

"Ranka ya daɗe, ni intanet ɗin nan ko karanta shi ban iya ba. Gida ɗaya na sayar, mai saye bai tambaye ni ruwa ba."

"Gidaje huɗun fa?"

"Wallahi ban san masu su ba."

Sufeto ya kira lambar da ke ƙarƙashin hoton gidan Iya Yakaka. Aljihun Haris na dama ya yi ƙara. Ya kira ta gida na biyu. Aljihun hagu ya amsa.

"In kira sauran?"

Haris ya ajiye kofi. "Bari, ranka ya daɗe. Miliyan biyu na sayi gidan, shekara biyu ba wanda ya taya. Ɗan gari ba zai saya ba, ya san inda ruwa ke bi. Sai na sa wa na maƙwabta tsada don nawa ya zama araha. Cikin wata guda Dokta ya kira, har yana roƙona kada in sayar wa wani."

"Ina kuɗin?"

"Na biya hidimomi. Sauran na sayi fili a hanyar Malam Madori." Ya sunkuyar da kai. "A kan tudu."

Wani kofur ya sa masa ankwa, aka wuce da shi mota.

Dokta ya duba agogo. Yana da taro a Abuja gobe, ya ce, kuma wannan darasi ne ga ƙasa baki ɗaya. Ya tafi.

A bakin ruwa mai kwalekwale yana jiran kuɗinsa, sahu shida ya yi yana kwaso katifu da tukwane. Adila ta buɗe jakarta, ta rufe. Ta cire 'yan kunnenta ta miƙa masa, sannan ta ɗauki ƙaramar 'yarta ta goya.