Mai Riƙe da Rufi

Da la'asar sakaliya Zayyanu magini ya sauka Gwandu daga Kalgo. An kira shi ya duba wani tsohon masallacin ƙasa da ginshiƙinsa na tsakiya ya tsage, ga damina ta kawo kai. Ɗalha ladan ya buɗe masa ƙofa, amma shi ladanin ya tsaya waje.

"Ka duba da ido kawai, malam," in ji shi a hankali. "Kakana ya ce ba a taɓa na tsakiya."

Zayyanu ya yi murmushi. Shekara talatin yana gini, bai taɓa gane ciwon bango da ido kaɗai ba.

Ya shiga. Ciki duhu ne da sanyi. Warin jemage, ƙamshin tsohuwar ƙasa. Ya ɗaga kai ya ga bakan gizon ginin sun taso daga ginshiƙai sun haɗe a sama, azara jere kamar haƙarƙari. Aikin mutanen da, tun garin yana cibiyar mulki.

Tsagar ta kai tsayin mutum. Ya cusa hannun dama don ya ji tubalin ciki.

Ɗumi ya ji, irin na jikin mai rai.

Jemagu suka yi tsit.

Sai numfashi, dogo, mai nauyi, daga cikin ginshiƙin.

"Magini," wata murya ta raɗa. "Ka zo."

Ya ja hannu. Hannu ya ƙi fitowa.

"Tun ran da aka aza rufin ga nike riƙe da shi. Na gaji. Kama mini."

Yatsu suka damƙe wuyan hannunsa. Azara ta yi ƙara. Wani nauyi ya sauko masa a kafaɗa, har gwiwoyinsa suka daki ƙasa. Ya buɗe baki zai yi salati, ƙasa ta zubo ciki.

Ɗalha ne ya faɗo da gudu, yana kabbara da ƙarfi. Ya rungumi ƙugunsa ya fizga. Tare suka zube a kan tabarmi.

Cikin ginshiƙin wani ya sauke ajiyar zuciya.

Zayyanu bai ƙara ɗaga tubali ba. Kafaɗar dama ta sauka, ba ta sake miƙewa ba, kuma asibiti ba su ga komai ba.

Yau yana zaune a Kalgo. Wani lokaci rana tsaka, sama garau, sai matarsa Hajjo ta gan shi ya durƙushe a tsakar gida, yana nishi, gumi na zuba.

"Malam, mi ya faru?"

"Ana ruwa a Gwandu," yakan ce. "Rufin ya jiƙe."