Saƙon Salima Ne a Gaba

Ranar da Zaharaddeen ya fara ganin Salima, tana tsaye kan buhunan geron babanta a kasuwar Ƙaura Namoda, ta ɗaga waya sama tana neman sabis. Ya tsaya kallo har mai keke napep ya kusa kwashe masa ƙafa.

"Sauko, 'yan mata, maganin wannan yana hannuna."

"Kai ne mai kamfanin?" ta ce tana hararar sa.

Ba shi ba ne. Ɗalibin kwamfuta ne a kwalejin garin, kuma aikinsa na kammala karatu wata manhaja ce: idan hanyar sadarwa ta cunkushe, sai saƙo ya ratsa ta wayoyin abokan hulɗa ya bi inda ya fi sarari, mai muhimmanci kuma a ba shi hanya ya fara wucewa. Ya saka wa Salima, ya saka wa babanta Alhaji Nasidi da dillalansa na Zurmi da Shinkafi.

Wata biyu, soyayya ta kama su ba sassauci.

"Injiniyana, ka ci abinci?"

"Na ci, Sanyin idona. Saƙonki ya ƙosar da ni."

Sai dai Alhaji ya ce atafau, ɗiyarsa ba ta auren mai latse-latsen waya. Shi Mujahid yake so, direban da ke ɗaukar masa kaya.

Ga kuma aika-aikar da gogan naka ya yi. Da zai jera muhimmancin saƙonni, sai ya sa lambar Salima sama da kowa. Duk lokacin da ta rubuto, sai kiran Alhaji ya ƙame yana tsakiyar ciniki, har sai "ka ci abinci" ta wuce. Mujahid ya lura, ya kai rahoto da zafinsa.

Salima ta rubuto: "Baba na neman ka. Wallahi gabana faɗuwa yake."

Zaharaddeen ya isa gidansu a Zurmi, ya durƙusa gaban Alhaji a zaure. Ya san yau ko ya samu Salima ko ya rasa ta.

"Kai, mi ka riƙe kirana in ɗiyata ta taɓa waya?"

"Baba, layi ne na jera. Ita ce ta ɗaya."

"Ni hwa, ni na nawa?"

"Na tara, Baba."

"Na tara! Har da Mujahid gabana?"

"Shi na takwas ne."

Zaharaddeen ya fara yi wa Salima bankwana a zuciyarsa. Alhaji ya juya ga Mujahid da ke gefe yana murmushi.

"Kai, in kana bisa hanya da kaya, matarka ta kira, mi za ka yi?"

"Sai na sauke kaya, Alhaji."

Tsohon ya shafa gemu.

"Shekara talatin uwarta na bin bayan gero a wurina. Ban so ɗiyata ta gaji layin nan. Kai, Injiniya, turo magabatanka. Amma ka maishe ni na biyu."

Bayan Sallah aka ɗaura aure a Zurmi. Da za a tafi da amarya, Alhaji ya dafa kanta.

"Tahi, Salima. Allah shi yi muku albarka, shi bar ki a gaba."